Zuciya da Ciki a Bakin Majiyyaci: Misali daga Hausawan Zangon Wagadugu

1.0 Gabatarwa

Zuciya da ƙirji da ciki suna cikin kalmomin da ɗalibi yake fara koya a ajin Hausa, kuma suna cikin waɗanda yake daɗewa bai gama sanin su ba. Dalili kuwa shi ne, da su Bahaushe yake faɗin inda ke yi masa ciwo, da su kuma yake faɗin halin mutum da abin da ke ransa. A hirar yau da kullum wannan ba ya kawo matsala, domin yanayin magana yana raba ma'anonin. A ɗakin likita kuwa, inda ake son a tantance ko gyambon ciki ne, ko ciwon zuciya, ko damuwa, kuskuren fassara kalma ɗaya yana iya sa a sallami mutum da maganin da ba nasa ba. Wannan takarda ta ɗauki Hausawan Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a matsayin misali, saboda a can maganar majiyyaci takan ratsa harsuna biyu kafin ta shiga takardar asibiti.

2.0 Zangon da harsunansa

Fataucin goro ne ya kai Hausawa ƙasar Mosawa. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja yana bukatar wuraren yada zango, kuma wasu fatake sukan zauna su zama masu masauki. Lokacin da Bafaranshen nan Binger ya isa Wagadugu a 1888, wato shekara takwas kafin Faransawa su ci garin a 1896, ya tarar da Hausawa zaune a wani ɓangare nasa. Unguwarsu ita ce wadda aka sani da Zangwetin, ana rubuta ta Zangouettin a takardun hukuma, sunan kuma ya fito ne daga kalmar da Mosawa suke kiran Bahaushe da ita. Kada ɗalibi ya rikita wannan da Zongo, sunan dangi da ya yawaita a tsakanin Mosawa, kamar na ɗan jaridar nan Norbert Zongo da aka kashe a 1998.

Unguwar ba ta nan yanzu. A 2003 aka rushe ta tare da wasu unguwannin tsakiyar gari, a ƙarƙashin shirin gwamnati da ake kira ZACA na gina yankin kasuwanci da ofisoshi. Fiye da mutum dubu goma aka tayar, aka ba su filaye a gefen Waga 2000 da kuma Nioko. Hausawan suna nan a birnin, sai dai sun warwatsu.

A titi harshen Moore ne ke da rinjaye. Faransanci, wanda gyaran tsarin mulki na ƙarshen 2023 ya mayar harshen aiki, shi ne har yanzu harshen da likita ya yi karatu da shi kuma yake rubutu da shi, tun daga ƙaramin ɗakin shan magani na unguwa har zuwa babban asibitin koyarwa na Yalgado Ouédraogo. Matasan zango suna jin duk harsunan uku. Tsohuwa kuwa, ko baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Ƙonni neman kuɗi, da Hausa yake bayyana ciwonsa, jika ko maƙwabci ya juya zuwa Moore, ma'aikacin lafiya ya rubuta da Faransanci.

Abin lura shi ne harsunan uku duka suna ajiye hali a cikin jiki, amma ba a wuri ɗaya ba. Abin da Bahaushe yake kira farin ciki, a Moore sũ-noogo ne, wato daɗin zuciya. In kuwa aka ɗauki kalmomin "fari" da "ciki" aka haɗa a Moore, sai a sami pʋ-peelem, wanda ke nufin gaskiya da tsarkin hali, ba murna ba. Haka kuma Bafaranshe idan ya ce yana da mal au cœur, a zahiri ciwo a zuciya ke nan, amma abin da yake nufi shi ne amai yake ji.

3.0 Zuciya

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Zuciyata tana tashi.
(2) Hankalina ya tashi.
(3) Zuciyata tana yi mini zafi.
(4) Yaron nan yana da zafin zuciya.
(5) Gabana yana faɗuwa.
(6) Ya yi zuciya ya tafi.

Jimla ta (1) tashin zuciya ce, wato jin amai, kuma tumbi ne ko hanji ke magana, ba zuciya ba. Ta (2) tana da aikatau iri ɗaya da ta (1), amma tsoro ne ko damuwa. Ta (3) tana iya zama ƙwannafi, tana iya zama ɓacin rai, mai sauraro ba zai sani ba sai ya ƙara tambaya. Ta (4) hali ce zalla, saurin fushi. Ta (5) ta fi kowace wuyar sha'ani, domin faɗuwar gaba tana zuwa wa wanda ya ji mugun labari, tana kuma zuwa wa mai ƙarancin jini, da wanda bugun zuciyarsa ya rikice. Ta (6) fushi ne, babu ruwan likita da ita.

Tushen ruɗanin yana a wani ɗan wuri a jikin mutum, wato ramin da ke ƙarshen ƙashin ƙirji, wanda Hausa take kira ƙahon zuciya. Sunan ya danganta wurin da zuciya, alhali abin da ke kwance a bayansa tumbi ne da farkon hanji da wani sashe na hanta. Mutane da yawa da suke cewa suna ciwon zuciya, in aka ce su nuna, nan suke ɗora hannu. Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan haɗin ba. Tsofaffin likitocin Girka ma da kalmar zuciya suka kira bakin tumbi na sama, sunan kuma yana nan a littattafan likitanci har yau.

Saboda haka likita ba ya tsayawa a kan sunan da majiyyaci ya ba ciwonsa. Yana neman ya san wurin, da irin ciwon, da abin da ke tayar da shi ko kwantar da shi, da kuma abin da yake zuwa tare da shi. A nan Hausa tana da arziki ƙwarai, kuma a nan ne tafinta yake yin hasara mafi yawa idan ya tattara komai ya ce "yana jin ciwo". Ƙuna daban, suka daban, nauyi daban, haka zugi da raɗaɗi da murɗa da ƙullewa. Ƙunar da ke hawowa daga ƙahon zuciya zuwa maƙogwaro bayan cin abinci ko in an kwanta, da ruwa mai tsami a baki, ƙwannafi ne. Sukar da ke ƙaruwa in an ja numfashi ko an yi tari, tare da zazzaɓi, ita ce Bahaushe yake kira ciwon haƙarƙari, kuma sau da yawa huhu ne ya kamu. Nauyi kuwa, kamar an ɗora wa mutum dutse a tsakiyar ƙirji, wanda ke zuwa in ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, ya miƙa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ya lafa in an huta, wannan shi ne ciwon zuciya na haƙiƙa, wato jijiyoyin da ke ciyar da ita sun tsuke. In ya zo da gumi da haki bai lafa ba, ba a jira gari ya waye. Wani abin takaici shi ne, a wurin tsofaffi da mata da masu ciwon sukari, wannan ciwo yakan ɓad da kama ya zo kamar ƙwannafi a ƙahon zuciya. Ke nan ruɗanin yana iya tafiya ta kowane ɓangare.

Bayan tambaya sai awo. Likita yakan ɗora yatsa a ƙirji ya ƙwanƙwasa, kamar yadda mai sayen kankana yake yi, domin huhu mai iska da huhun da ruwa ya tarar wa ba sa ƙara iri ɗaya. Wani likitan Biyana mai suna Auenbrugger ne ya bayyana wannan dabara a 1761. Abin sauraren ƙirji kuwa Laennec ne ya ƙago shi a Paris a 1816. Ga ƙananan yara ana ƙirga numfashi a minti ɗaya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, alama ce ta ciwon huhu. Tari kuma, wanda ke yawaita a Wagadugu lokacin hunturu saboda ƙura, in ya kai mako biyu, musamman da rama da gumin dare, ana karɓar kaki a gwada don tarin fuka. Maganinsa wata shida ne ba fashi.

Akwai wani ciwon zuciya da tarihin bincikensa ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙara nuna hannun talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko mene ne sanadin, mai jego da ta ce "ina haki, ƙafafuna sun kumbura, ba na iya kwanciya sai a zaune" ba gajiyar goyo take faɗi ba.

4.0 Ciki

Kalmar ciki ta fi zuciya faɗi. Ita ce tumbi, ita ce juna biyu, ita ce kuma ma'ajiyar asiri, shi ya sa ake cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mai zurfin ciki shi ne wanda ba ya faɗin abin da ke ransa. Wanda cikinsa ya ɗuri ruwa tsoro ya ji, haka wanda hantar cikinsa ta kaɗa. Baƙin ciki ba launi ba ne, ɓacin ciki kuma zawo ne, ba ɗan'uwan ɓacin rai ba.

A nan ma yatsa ya fi baki. Ciwon da ya fara a cibiya, bayan wasu sa'o'i ya koma mara ta dama ya tsaya, afendis ake zato. Wanda ke ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin mai, matsarmama. Wanda ya taso daga kwiɓi ya gangara mara, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye, tsakuwar ƙoda. Idanun da suka yi rawaya Bahaushe shawara yake ce musu, amma shawara alama ce ba cuta ɗaya ba, kuma a Burkina Faso, inda kusan mutum ɗaya cikin goma yake ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, likita ba ya wasa da ita. Mai zazzaɓin taifot da ya shiga mako na biyu ko na uku, kwatsam cikinsa ya ɗaure ya yi tauri kamar allo, mai yiwuwa hanji ne ya huje, sai tiyata. Tun bayan annobar zazzaɓin dengi ta 2023, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a Wagadugu da Bobo, ana kuma lura da ciwon ciki mai tsanani da amai da ke zuwa daidai lokacin da zazzaɓi ya sauka, domin alamar haɗari ce.

Gyambon ciki, wanda yanzu aka fi kira olsa, ya cancanci a ɗan dakata a kansa, domin a nan ne ra'ayin jama'a da na likitoci suka daɗe suna tafiya tare. Bahaushe yana cewa yunwa da yawan tunani ne ke kawo shi, likitocin Turai ma shekara da shekaru haka suka ɗauka. A 1982 wasu likitoci biyu na Ostireliya, Marshall da Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a tumbi take haddasa mafi yawansa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sanadi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin da diclofenac, waɗanda 'yan tallan magani suke sayarwa a bakin titi. Jiƙon kanwa da ake sha yana kashe tsamin tumbi na ɗan lokaci, shi ya sa ake yaba shi, amma ba ya taɓa ƙwayar.

Hausawan da suka fito daga Nijar suna da wata kalma da ke ba tafinta wahala, wato zahi, wadda a Kano ake cewa zafi. A bakinsu zahi ba yanayin jiki ba ne kawai, sunan wata cuta ce da ake ganin tana kwance a cikin kowa, tana tashi ta zama basir ko atuni ko jiri ko kasala. Littafin da Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya a 1999 a kan sunayen cututtuka a Afirka ta Yamma ya tattauna irin waɗannan sunaye masu faɗi. Ba su da kishiya guda a littafin likita, don haka ba a fassara su, sai dai a tambayi mai maganar abin da ya gani a jikinsa.

5.0 Haƙuri da kunya a gaban likita

A 1974 Kirk-Greene ya buga laccarsa a kan mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma da Bahaushe yake auna mutum da su. Biyu daga ciki, haƙuri da kunya, suna shiga ɗakin likita tare da majiyyaci. Ga misalin zance da aka tsara don aji, tsakanin wani dattijo da saurayin da ke yi masa tafinta:

Tafinta: Baba, sannu da jiki. Me ke damun ka?
Dattijo: Alhamdu lillahi, da sauƙi. Zuciyar ce dai.
Tafinta: Allah ya ƙara sauƙi. Baba, ɗora mini yatsa a daidai wurin.
Dattijo: Ga shi nan, ɗana, nan ƙahon zuci.
Tafinta: Yaya yake yi, ƙuna ko nauyi?
Dattijo: Kamar an zuba barkono. In na ci abinci sai ya lafa, can tsakar dare kuma ya tashe ni.
Tafinta: A gafarce ni, Baba, bayan gida fa, ya sauya?
Dattijo: To... tun shekaranjiya baƙi ne.

"Da sauƙi" amsar gaisuwa ce, ba rahoton lafiya ba. Mutum yana gargarar mutuwa ma yakan faɗe ta, domin ƙorafi a kan ciwo yana kama da raki, ko ma rashin godiya ga Allah. Tafintan da ya juya ta ya ce wa likita "ya ce ya samu sauƙi" ya fassara kalmomi daidai, ya ɓata saƙo. Sannan muhimmiyar magana a duk zancen ita ce ta ƙarshe, domin baƙin bayan gida mai kama da kwalta yana nuna jini na zuba daga gyambon. Dattijon ba zai taɓa kawo ta da kansa a gaban sa'an ɗansa ba. Sai da aka nemi gafara aka tambaya.

Kunyar mata ta fi wannan nauyi. Amarya mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki, balle in uwar miji ce ta rako ta, ko ƙanin miji ne tafinta. Za ta ce "cikina ke ciwo" ko "marata", ta sunkuyar da kai. Amma ciwon mara a gefe ɗaya ga matar da al'adarta ta ɗauke yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe yake kashewa cikin sa'o'i. Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta ɗauke kuɗin magani ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5, sai dai wannan ba zai amfani wadda ba ta faɗi cewa tana da ciki ba. Karin maganar nan ta ranar wanka ba a ɓoyon cibiya gaskiya ce, amma ba a karanta wa yarinya ita a gaban surukai. Abin da ke aiki shi ne a fitar da 'yan rakiya, a samo mace ta tambaye ta da kalmomin sakayawa da ta saba da su, kamar "kin ga wata?" ko "kina salla?"

Wannan ajiye hali a zuciya ba daga al'ada kaɗai ya zo ba. Duk wanda ya zauna a makarantar ilimi ya ji malamai suna karantar da cututtukan zuciya, wato hassada da girman kai da riya da jiji da kai, bisa tafarkin Imam Gazali wanda ya rasu a 1111. Cutar zuciya a wannan ma'ana aibi ce da ake neman tsari da ita. Saboda haka tafinta ya yi hattara da bambancin ciwon zuciya da cutar zuciya in yana isar da maganar likita ga mai ilimin addini.

Ba kuma za a ce duk lokacin da Bahaushe ya haɗa rai da jiki kuskure ya yi ba. Hausa tana cewa wane ya haɗiyi zuciya ya mutu, wato baƙin ciki ko fushi ya kashe shi nan take. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, da sunan wata tukunyar masuntansu, inda zuciya ke raunana farat ɗaya bayan mugun labari, galibi ga matan da suka manyanta, alhali jijiyoyinta ba su toshe ba. Haka kuma damuwa mai tsanani kan zo da nauyin ƙirji da faɗuwar gaba da rashin barci da rashin cin abinci. Tsohuwar da aka tayar daga Zangwetin a 2003, aka raba ta da maƙwabtan shekara arba'in da masallacin ƙofar gida, in ta ce "ƙirjina ya yi nauyi, tunani ya yi mini yawa", mai yiwuwa hawan jini ne, mai yiwuwa damuwa ce, sau da yawa kuma duka biyun ne. Likita zai auna jininta, ya saurari ƙirjinta, ya ɗauki zanen bugun zuciyarta. In duk waɗannan sun fito lafiya, sauran tambayoyin su ne wa take zaune da shi yanzu, wa ke kawo mata abinci, kuma yaushe rabonta da barcin kirki.